Yadda Ake Koyon Kata a Wasan Kareti, Daga Tsakar Gida Har Gaban Alƙalai

Duk yaron da aka kawo mani filin da muke atisaye, a bayan wata firamare da ke wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, tambayarsa ta farko ba ta wuce ɗaya: "Masta, yaushe za mu fara faɗa?" Ya sha finafinan Chanis ya ƙoshi, yana zaton kafin sati biyu zai riƙa tashi sama yana fasa bulo. Sai in ɗauki alli in ja masa layi a kan siminti, in gyara masa ƙafafu, in ce ya tsaya. Tsayuwar kawai. Kafin minti biyu cinyarsa ta kama rawa kamar mazari, ya fara leƙen ƙofa. Da yawa daga ranar ba na sake ganinsu. Waɗanda suka dawo su nake yi wa wannan bayani, tare da iyayen da ke son sanin abin da ɗiyansu ke yi bayan la'asar da fararen kaya.

Kareti kashi uku ne. Akwai kihon, wato tushe: tsayuwa, naushi, kariya, shuri. Akwai kumite, karawar mutum biyu. Sai kata, wadda ita ce maganarmu. Kata jerin motsi ne da aka tsara tun da daɗewa, mutum ɗaya ke yin sa yana faɗa da abokan gaba waɗanda ido ba ya gani. Inda za ka taka, inda za ka juya, inda za ka yi tsawa, duk a ƙayyade suke, ba ka da ikon ƙara ko rage komai. A tsibirin Okinawa abin ya samo asali, Gicin Funakoshi ne ya kai shi Tokiyo a 1922, kuma salon da ya fito daga hannunsa, Shotokan, yana da kata 26. 'Yan takwando su ma suna da irin nasu da suke kira pumse, don haka mafi yawan abin da zan faɗa zai amfane su, sunaye ne kawai suka bambanta.

Kafin ka cire takalmi

Fara da neman malami, don waya ba ta gyara ƙugu. Bidiyo zai nuna maka jerin motsin, amma ba zai zo ya taɓa gwiwarka ya ce ta karkace ba, kuma kuskuren da jiki ya haddace ya fi wuyar cirewa a kan koyon sabo. Tambaya a filin wasa na Muhammadu Dikko, wanda muka fi sani da Karkanda, ko a sashen wasanni na manyan makarantu. In ka sami wuri kada ka yi rajista ranar farko. Zauna gefe ka kalli darasi guda cikakke. Duba ko malamin yana zagayawa yana gyara wa kowa, ko kuwa yana tsaye ne yana ƙirga kawai. Duba yadda manyan ɗalibai ke mu'amala da ƙanana. Tambaye shi wa ya ba shi baƙin bel, kuma ƙungiyarsa na da alaƙa da hukumar kareti ta ƙasa ko babu, domin ta nan ake shiga gasa. Wanda ya yi maka alkawarin baƙin bel cikin wata shida, ko ya haɗa maka da laya da maganin tauri, kama gabanka. A makarantun kirki baƙin bel kan ɗauki shekara uku zuwa biyar.

Mai hawan jini, mai asma da mai sikila su fara ganin likita, kuma su gaya wa malami tun ranar farko. Ba hana su za a yi ba, sassauta musu za a yi.

Kaya kuwa kada su tsayar da kai. Wata na farko wando mai faɗi da riga sun isa. In ka tabbatar za ka zauna, sai ka sayi farin yadin auduga mai kauri ka kai wa tela tare da rigar wani ɗalibi ya kwaikwaya. Ka ce ya ƙara faɗi a hantsar wando, in ba haka ba ranar da ka fara buɗe ƙafa za ka ji kunya. Hannun riga ya sauko ƙasa da gwiwar hannu amma kada ya rufe wuyan hannu, wando ya tsaya sama da idon sawu kaɗan.

Lokaci a garin nan shi ke zaɓa maka kansa. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, kuma siminti yana riƙe shi har magariba, don haka bayan asuba ya fi, ko a jira la'asar sakaliya. Da hunturu matsalar faso ce, tunda ba takalmi ake yi ba: wanke ƙafa da dare, shafa man kaɗanya a diddige, amma kada ka shafa dab da atisaye sai santsi ya kwashe ka. Da azumi muna komawa bayan asham, mu rage ƙarfi mu ƙara gyara.

Mataki na farko: ƙafa

Nan zan daɗe, saboda nan ake cin gasa, nan kuma ake faɗuwa. Alƙali mai ido ƙasa yake fara kallo.

Bayan ka ɗumama jiki na minti goma, da ɗan gudu da jujjuya gaɓoɓi, ja layi biyu a ƙasa masu tafiya tare, tazararsu faɗin kafaɗarka. Sa ƙafar hagu a layin hagu gaba, ta dama a layin dama baya, tsakaninsu kimanin ninki biyu na faɗin kafaɗa. Lanƙwasa gwiwar gaba har sai in ka duba ƙasa ba ka ganin babban yatsanka. Ƙafar baya ta miƙe, yatsunta na kallon gaba da ɗan karkata waje, diddige manne da ƙasa. Kusan kashi 60 na nauyinka na gaba, 40 na baya. Gadon baya a miƙe kamar an ɗora maka tulu. Wannan ita ce zenkutsu-daci, tsayuwar gaba.

Abu biyu ke ɓata ta. Na ɗaya, a jera ƙafafu a layi guda kamar mai tafiya kan igiya, ko yaro ya tura ka sai ka faɗi. Na biyu, gwiwar gaba ta faɗa ciki, kuma wannan ne ke jawo ciwon gwiwa bayan shekaru. Gwiwa ta riƙa bin inda yatsun ƙafa suka nufa.

In za ka taka gaba, jawo ƙafar baya ta biyo kusa da ta gaba, sannan ta fita zuwa layinta, tafin na shafar ƙasa kamar kana share tsakuwa. Kai kada ya yi sama ya yi ƙasa. Mu igiyar shanya muke ɗaurewa daidai tsayin kai, ɗalibi ya bi ta ƙarƙashinta, duk ya taɓa ta ya koma farko. Yi zuwa da dawowa goma kullum, hannaye a ƙugu, ba naushi ba komai, har sati biyu.

Ta biyu ita ce kokutsu-daci, tsayuwar baya. Diddige biyu a layi ɗaya, ƙafar gaba na kallon gaba, ta baya na kallon gefe, kashi 70 na nauyi a baya, kamar za ka zauna a kan kujerar da ba ta nan. Gwajinta mai sauƙi ne: in ba ka iya ɗaga ƙafar gaba ba tare da jikinka ya koma baya ba, nauyin bai zauna ba. Sabbin ɗalibai sun tsane ta, ni ma na tsane ta shekara guda cur. Ta uku, kiba-daci, tsayuwar mahayin doki, ba ta cikin katar farko, amma ka riƙa zama a cikinta minti ɗaya kullum kana ƙarawa, ita ke gina cinya. Ɗan Katsina ko Daura da ya taɓa hawan Sallah ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Mataki na biyu: hannu, amma daga ƙugu

Naɗe yatsu huɗu, ɗora babban yatsa a kan manuni da na tsakiya daga waje. Da ƙullin yatsu biyun farko ake duka, wuyan hannu a miƙe. Naushi yana tashi daga gefen haƙarƙari, tafin hannu na kallon sama, gwiwar hannu na gogar jiki, sai dab da isa ya murɗa. A daidai lokacin ɗayan hannun na komawa ƙugu da ƙarfi iri ɗaya, kamar ka cafko rigar mutum ka fizgo shi. Kafaɗa a sake. Mai ɗaga kafaɗa ƙarfinsa a wuya yake ƙarewa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan dambe ya ga ɗan dambe ya kai kisa ya san ba damtse ne ya yi aikin ba, juyin ƙugu ne da dannawar ƙafar baya. Haka yake a nan. Bambancin shi ne ɗan dambe hannu ɗaya yake ɗaurewa, kai kuwa dole hagunka ta kamo damanka.

Motsi biyar kake buƙata don katar farko. Gedan-barai, sharar ƙasa: hannu ya taso daga kunnen ɗaya ɓangaren ya sauko ya tsaya sama da gwiwar gaba da kimanin dunƙule guda. Oi-zuki, naushi da taku, ana nufin ƙahon zuci. Age-uke, kariyar sama: damtse ya tashi ya tsaya gaban goshi da tazarar dunƙule. Tettsui, dukan guduma da gefen dunƙule. Sai shuto-uke, kariya da buɗaɗɗen hannu kamar wuƙa, ɗayan hannun a kwance kan ƙahon zuci. Kowanne sau ashirin dama, ashirin hagu, goman farko a hankali ƙwarai.

Mataki na uku: Heyan Shodan, taku bayan taku

Anko Itosu, ɗaya daga malaman Funakoshi, shi ya tsara katoci biyar na wannan jeri a farkon shekarun 1900 don 'yan makaranta. A Okinawa Pinan ake ce musu, a Shotokan Heyan. Ta farko motsi 21 ce, kuma wanda ya iya yana gama ta cikin kusan daƙiƙa 40. Bari mu ce ka fuskanci arewa.

Ka tsaya, ka gaisa, ka faɗi sunan kata, ka buɗe ƙafa faɗin kafaɗa da dunƙule biyu a gaba. Dubi yamma, fita da ƙafar hagu da sharar ƙasa, ɗaya ke nan. Taka da dama ka kai naushi, biyu. Ɗauke ƙafar dama ka juya ta hannun dama har ka fuskanci gabas da sharar ƙasa, uku. Fizge hannun daman nan kamar an riƙe maka shi, zagayo da shi ta sama ka sauke guduma, huɗu. Taka da hagu da naushi, biyar.

Juya arewa da ƙafar hagu da sharar ƙasa, shida. Sai kariyar sama sau uku kana takawa, dama, hagu, dama. A ta ukun, motsi na tara, za ka yi kiyai, tsawar da ke fitowa daga ciki.

Yanzu ga inda ake zubewa. Ƙafar dama na gaba, ita ce turke. Ɗauko ta hagu ta bayanka, juya ta hannun hagu kashi uku cikin huɗu na da'ira, digiri 270, ka sauka kana kallon gabas da sharar ƙasa. Sirrin shi ne ka fara matso da ƙafar hagu kusa da turken, gwiwa a lanƙwashe, kai ya riga jiki juyawa, sannan ka buɗe. Wanda ya wurga ƙafa daga nesa sai ya yi tangaɗi. Ware wa wannan juyi kwana uku shi kaɗai, ba asara ba ce. Daga nan naushin dama, juyawa yamma da sharar dama, naushin hagu, sha uku ke nan.

Juya kudu da sharar hagu, sai naushi uku a jere, dama, hagu, dama, da kiyai na biyu a motsi na 17. Sake wancan babban juyi, amma wannan karon a tsayuwar baya za ka sauka, kana kallon yamma da kariyar wuƙa ta hagu. Taka da dama zuwa arewa maso yamma da wuƙar dama. Ɗauke ƙafar daman ka juya gabas da wuƙar dama. Taka da hagu zuwa arewa maso gabas da wuƙar hagu, 21. Tsaya nan numfashi guda, idonka na kan abokin gaba, sannan ka jawo ƙafar hagu ka koma yadda ka fara.

Sa alama da alli inda ka tashi. In ka gama ka ga ka yi nisa da alamar, takunka ba daidai suke ba, wani ya fi wani tsawo.

Kada ka haɗiye ta rana ɗaya. Biyar na farko sati guda, a ƙara huɗu, a haɗa, a ci gaba. Wanda ya yi makarantar allo ya san ba a wanke allo sai karatu ya zauna, ya kuma san abin da ba a bita zubewa yake.

Mataki na huɗu: sa mata rai

Haddace jeri somin-taɓi ne. Na sha ganin yaro ya yi motsi 21 ba kuskure ko ɗaya, amma kamar mai faretin makaranta. Abin da ya rasa shi ne abokin gaba.

Maganinsa bunkai, wato fassara kata da mutum na gaske. Sa abokinka ya kawo maka shuri a hankali ka share da gedan-barai. Ya riƙe maka wuyan hannu da gaske ka ga yadda motsi na huɗu ke ƙwace shi. Ranar da damtsenka ya haɗu da ƙwaurin mutum, daga ranar sharar ƙasarka ta daina zama ta ado. Ka lura kuma da kariya katar ta fara. Funakoshi ya yi ta nanata cewa ɗan kareti ba ya fara kai hari.

Sai ido: shi ke fara isa kafin jiki, kuma ba ya kallon ƙasa. Sai numfashi: shaƙa ta hanci lokacin shiri, fitar da shi lokacin duka, ba tare da huci irin na kumurci ba, don alƙalai na rage maki a kan numfashin burga. Sai kime, ɗaurewar jiki gaba ɗaya na ƙiftawar ido a ƙarshen motsi, a sake nan take. Mai ɗaure jiki tun daga farko har ƙarshe nauyi yake yi, ya gaji a banza. Sai kari: ba duk motsi ke da tazara ɗaya ba. Kariya da naushin da ke bin ta 'yan tagwaye ne, bayan kiyai kuma akan ɗan dakata.

Tsofaffin Okinawa na da magana cewa kata ɗaya shekara uku ce. Sandra Sanchez ta Sifaniya tana da shekara 39 ta ci zinaren kata a gasar Olamfik ta Tokiyo a Agustan 2021, a zauren Nippon Budokan, Ryo Kiyuna ɗan Okinawa ya ci na maza. Nemi bidiyonsu, amma ka kalli ƙafafunsu, ka bar fuska.

Mataki na biyar: sati goma sha biyu kafin gasa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar malam ya ce za ka fita, zaɓi kata biyu, uku in ka kai, domin a manyan gasanni ba a son ka maimaita wadda ka yi a zagayen baya. Ɗauki wadda ka ƙware a kai. Heyan Nidan, ta biyu a jerin Heyan, mai tsabta ta fi babbar kata irin Bassai Dai mai motsi 42 da aka yi da kame-kame, ko da yake yara ba sa son jin haka.

Sati huɗu na farko na gyara ne: a yanka kata gunduwa-gunduwa, kowace a yi ta sau goma a hankali, a ɗauka da waya daga gaba da gefe, a zauna da malam a kalla. Ba daɗi, kowa yana zaton ya fi yadda yake. Sati huɗu na biyu na ƙarfi ne: kata cikakkiya da dukkan ƙarfi, hutun minti ɗaya, a sake, har sau biyar, a haɗa da tsallen kwaɗo da gudu gajere a cikin yashi. Kwana huɗu a sati sun isa, cinya na buƙatar hutu kafin ta ginu.

Sati uku na gaba na kwaikwayon gasa ne, kuma a nan zan ba da labarin kaina. Shekara biyu ina atisaye ina fuskantar wani iccen bedi, ban san da shi na haddace katar ba. Ranar gasata ta farko a wata jiha, na yi babban juyin nan, na ɗaga ido ban ga bedi ba, sai bango da mutane. Kaina ya ɗauke ɗif. Na tsaya kamar an dasa ni, aka fitar da ni. A mota Masta bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "To, gobe sai mu tambayi bedin ko zai bi mu." Tun daga nan ɗalibaina gabas, yamma, kudu da arewa suke fuskanta, wani lokaci da ido a rufe, wani lokaci sauran yara na kewaye da su suna ihu da tafi. Ka gayyato 'yan gidanku su zauna su zuba maka ido, kallon ƙanwarka mai dariya ya fi na alƙali wuya. In akwai inda ke da tabarmar roba ta gasa, je ka taka ta ko sau biyu ne, don tana kama ƙafa ba kamar siminti ba.

Satin ƙarshe a rage aiki rabi, a yi barci, kada a taɓa sabon abu.

Abin da alƙalai ke nema

Filin gasa murabba'i ne, mita 8 kowane gefe. Ɗan wasa ɗaya na ɗaura jan bel, ɗayan shuɗi, don haka ka tanadi duka biyun. A da tuta ake ɗagawa. A 2019 hukumar kareti ta duniya, WKF, ta koma ba da maki, kuma a Tokiyo alƙalai bakwai ne ke bayarwa daga 5.0 zuwa 10.0, kashi 70 na ƙwarewa, 30 na ƙarfi da sauri da daidaito. An sake taɓa dokar bayan nan, ƙananan gasanni kuma kan yi da tuta, saboda haka malaminka ya karɓo dokar gasar da za ku tun da wuri. Ko da wace aka yi, abin dubawa bai sauya ba: tsayuwa, tsabtar motsi, yadda ake tashi daga wannan zuwa wancan, lokaci, numfashi, kime.

Abubuwan da ke fitar da mutum gaba ɗaya: ya faɗi sunan wata kata ya yi wata, ya tsaya cak a tsakiya irin tawa, bel ya kwance ya faɗi, ko ya ƙi gaisuwar farko da ta ƙarshe. Masu rage maki kuwa su ne tangaɗi, buga ƙafa ko dukan riga don a ji ƙara, da motsin da ba a kai ƙarshensa ba.

Maganar gaisuwar nan tana buƙatar tsayawa, don kusan duk uban da ya zo wurina sai ya ɗaga ta, kuma yana da gaskiya. Akwai ta durƙuso da ake kai goshi kusa da ƙasa, wannan mu ba ma yin ta sam, kuma gasar kata ba ta neman ta. Akwai ta tsaye, ɗan rusunawa kaɗan, ita doka ta wajabta. Hadisi ya zo da hana rusuna wa mutum wajen gaisuwa, don haka ba na ce wa kowa ba komai. Abin da nake cewa shi ne, "Alhaji, a kai maganar gaban malamin da kuka amince da shi, a nuna masa yadda ake yi." Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya ci gaba da atisaye ba gasa, ba a rage masa komai a wurina. 'Yan mata kuwa, tun 2013 hukumar duniya ta amince da baƙin ɗankwali na musamman mai rufe gashi, kuma kata ba ta da cuɗanya da kowa, shi ya sa iyaye suka fi sakin jiki da ita.

Ranar gasa ci abu mara nauyi awa biyu zuwa uku kafin a kira ka, shayi da burodi, ayaba, dabino. Ƙosai mai maiƙo da fura mai kauri su jira ka gama. Yanke farce, cire zobe da agogo. Ɗaure bel ka ja shi da ƙarfi sau biyu. Ɗumama jiki har gumi ya tsattsafo, sannan ka rufa da wata riga, don jira kan yi tsawo. In an kira ka, taka a natse, faɗi sunan kata da muryar da na bayan zaure zai ji. In ka yi kuskure wuce abinka kamar haka aka tsara, kada fuska ta tona ka.

Akwai kuma katar ƙungiya ta mutum uku, masu motsi kamar jiki ɗaya ba tare da wani ya ba da alama ba, a zagayen lambar yabo kuma su nuna bunkai. Sai kowa ya iya shi kaɗai ake haɗa ta.

Abin da za ka samu ko ba ka ci kofi ba

Hukumar lafiya ta duniya na ba manya shawarar motsa jiki aƙalla minti 150 a sati, yara kuma awa guda kullum. Darasi uku a sati sun biya wa babba wannan. Cinya da baya na ƙarfi, numfashi na tsawo, barci na daɗi. Ina da ɗalibi ɗan kasuwa da ya haura hamsin, bai taɓa shiga gasa ba, burinsa kawai ya riƙa tashi daga zaman tahiya ba tare da dafa ƙasa ba, kuma ya samu.

Amma abin da iyaye ke dawowa su faɗa mani ba na jiki ba ne. Wata uwa cewa ta yi, "Masta, mi kuke ba shi? Yanzu ƙannensa na tsokanarsa sai ya yi dariya." Ba mu ba shi komai. Yaron da aka gyara wa ƙafa sau ɗari a gaban mutane ya koyi karɓar gyara ba tare da kumbura ba, wanda kuma ya san abin da naushinsa zai iya ba ya ɗokin gwada shi a kan kowa. A garin da kowa ya san abin da ƙauranci da ƙwaya suka yi wa wasu unguwanni, awa biyun la'asar da matashi zai yi yana zufa a gaban babba ba ƙaramin abu ba ne. Ba na cewa kareti na shiryar da kowa, na kori waɗanda suka kai shi layi da hannuna. Kata kuma ita kaɗai ba ta sa ka iya faɗa, sai an haɗa da kumite, kuma ko baƙin bel ne ya ga wuƙa, gudu ne dabara.

Masu ganin abin na mutanen nesa ne su tuna da namu da maƙwabtanmu. Abdulrazak Issufu Alfaga na Nijar ya ci azurfa a takwando a Olamfik ta Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Chika Chukwumerije ya kawo wa Najeriya tagulla a takwando daga Olamfik ta Beijin a 2008. Feryal Abdul'aziz ta Masar ta ci zinaren kumite a Tokiyo.

In kun dawo daga gasa, huta kwana biyu. A na uku zauna da malam ku kalli bidiyon sau uku, na farko ƙafa kawai, na biyu hannu da ƙugu, na uku ido. Rubuta gyara biyu, kada su wuce biyu, ka manna a bangon ɗakinka. Sannan ka ɗauki alli ka sake jan layukan nan biyu a tsakar gida.